Duk Kano Ɗaya ga Janairu

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Kano ya sami baki. Mai shayi yana da ra'ayi a kan majalisa, mai faci yana da ra'ayi a kan kwamishinoni, duk inda mutum uku suka taru kuma sai ka ji ana maganar romon dimokuraɗiyya, wa ya sha, wa aka hana. Ni a lokacin ba romo ne a gabana ba. Idon Umma ne a gabana.

Umma ita ta haife ni, ni ce kuma 'yarta ta fari. Wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da hakan yake nufi a wajen matan da. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kuma kallona ido cikin ido. Ana yaye ni aka kai ni Gwammaja wajen Goggo, yayar mahaifina, can na girma. In na je gidanmu a Kabara na durƙusa na gaishe ta, tabarma take amsa wa. Ina zaune a gabanta za ta juya ta tambayi ƙannena, "Waccan ta ci abinci kuwa?" Alkunya ce, kowa yana yaba mata a kai. Ni ma na yaba da baki, amma a raina abin ya sha yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ɗinkin hula take yi tun kafin a haife ni. Da yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai muka ga tana miƙa wa yara allura su zura mata zare, daga nan ta fara kuskuren launi, ta sa kore inda ya kamata ta sa shuɗi, masu saro hula suka fara dawo mata da aiki. A ƙarshe ta ajiye allurar gaba ɗaya. Ta koma zama a bakin ƙofar ɗaki tana lalubar abin duniya da hannu. Ido ɗaya ya tafi, ɗayan kuma inuwa kawai yake gani.

Ana cikin haka wasu 'yan kasuwar birni suka haɗa kwamiti, suka gayyato likitocin ido na wata ƙungiyar agaji su zo su cire wa tsofaffi yana kyauta. Likitocin suka kafa sharaɗi ɗaya: a aiko musu da sunayen marasa lafiya a faifan kwamfuta tun kafin su taso, don da shi za su tsara kaya da ranaku. Wanda sunansa bai shiga ba, ba za su gan shi ba, sai in Allah ya sake kawo su wata shekarar. Ni kuma na gama koyon kwamfuta ke nan a wata 'yar makaranta, ina yawo da takardar shaida a jaka ina jin babu kamata. Aka ɗauke ni aiki.

Shugaban kwamitin wani Alhaji ne mai sayar da atamfa, mutumin kirki, amma tsoron bakin mutane ya hana shi sakat. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Yanzu fa ba mulkin soja ba ne. Mutum ɗaya ya shiga sau biyu, gobe za ku ji ni a rediyo." Don haka ya sa aka ajiye teburin rajista a unguwa-unguwa, kowace unguwa ta buga sunayenta a faifanta, shi kuma ya bi faifan ya rubuta musu lamba da hannunsa, wanda ya riga rufewa shi ne a gaba. Ni aka zaunar a teburin Kabara, taku kaɗan daga ƙofar gidanmu. Na yi ta baza ido ko zan ga an riƙo hannun Umma an kawo ta. Ina! Ta zo ta tsaya a gaban 'yar fari tana faɗin sunanta da na mijinta? Sai a ranar ƙarshe ta sa wata maƙwabciya ta ja ta har Ƙofar Mata, ta yi rajista a can wajen waɗanda ba su san ta ba. Faifan Ƙofar Mata shi ne na ƙarshe, ita kuma tana can ƙarshen faifan.

Aikin da ya rage nawa ne ni kaɗai: in zuba duk faifan nan cikin tebur ɗaya a kwamfutar kwamiti. Teburin kwamfuta ba na katako ba ne, layi-layi ne kawai, kowane layi mutum ɗaya, da sunansa da unguwarsa da ranar haihuwarsa da idon da yake ciwo. Wani matashin injiniya mai koyar da kwamfuta ne ya rubuta mana manhajar. Alhaji ya sa shi ya yi mata tsaro biyu. Na farko, kafin ta shigar da kowane layi sai ta duba ko mutumin ya riga ya shiga. Na biyu, ba ta fitar da tebur zuwa faifai sai an rufe shi, in an rufe kuma ta kulle kanta, babu mai ƙara ko wasali sai injiniyan da kansa. Ya gwada ta a gabanmu da sunayen ƙarya, ta yi gudu kamar me. Ya karɓi godiya ya tafi Zariya bikin ƙaninsa.

Direban da zai kai wa likitoci faifan zai tashi ana idar da sallar la'asar, don ba ya son dare ya yi masa a hanya. Da sassafe na hau benen ofishin kwamiti a Gwammaja, aka tayar da janareta, Alhaji ya ja kujera ya zauna a bayana da carbinsa. Na yi bismilla na sa faifai na farko. A ƙasan allo akwai wata 'yar lamba mai nuna layi nawa suka shiga. Tana farawa ta ɗauki gudu, ido ba ya iya bin ta. Na juya na yi wa Alhaji murmushin waɗanda suka yi boko, na ce, "Alhaji, kafin hantsi mun gama."

Faifai na biyu bai yi gudun na farko ba, amma ban kula ba. A na uku ne na lura ina iya karanta lambar tana canjawa. Na gaya wa kaina zafi ne ya dami na'urar, na juya mata fanka. Ba ni da agogon hannu, sai na fara auna ta da abin da na iya. Da farko tsakanin layi da layi ina samun damar cewa subhanallahi sau ɗaya. Can sai ya zama ina yin salati cikakke kafin lambar ta motsa. Da hantsi ya ɗaga, Ƙulhuwallahu nake karantawa har in kai ƙarshe, sannan mutum ɗaya ya shiga. Na kalli tarin faifan da ke jira a gefen hannuna, ko rabi ba mu ci ba, kuma abin ba tsayawa ya yi a wannan saurin ba, kullum ƙara ja da baya yake.

Alhaji ya leƙo ta kafaɗata. "Malama, lafiya kuwa? Na ga kamar ta gaji."

"Tana yi, Alhaji," na ce.

"Tana yi, ko tana barci?"

Na juya ga na'urar. Na duba wayoyin wuta, na duba janareta, na goge allo da gefen mayafina kamar ƙura ce ta riƙe sunayen. Ba abin da ya canja. Na zauna ina lissafi a zuci, duk ta inda na bi amsa ɗaya nake samu: in aka ci gaba a haka, la'asar za ta yi ba mu ko hango faifan Ƙofar Mata ba. Sai na riƙa ganin Umma a bakin ƙofar ɗakinta, hannunta yana yawo a kan tabarma yana neman kofin ruwa.

Kafin azahar Goggo ta hawo benen tana haki, ta kawo mini ɗanwake a kwano. Ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san fuskata. Ta ja ni bakin tagar da ke kallon titi ta ce in gaya mata gaskiya, na gaya mata. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "To ke wace irin yarinya ce? Ba hannunki ne yake sa faifan ba? Ɗauko na ƙasan ki sa shi yanzu mana. Uwarki ce fa!" Na nuna mata Alhaji da ido, na nuna mata lambobin da ya rubuta da jan biro. Ko da ba ya nan ma, in na tsallako da Ƙofar Mata, wata unguwar ce za ta faɗa ramin, su ma da tsofaffinsu. Goggo ta ja tsaki ta ce boko bai tsinana mini komai ba sai taurin kai. Ta ajiye kwanon ta sauka. Ɗanwaken nan ko murfinsa ban ɗaga ba.

Da aka kira azahar, Ayatul Kursiyyu nake karantawa tsakanin layi da layi, wani lokacin ma har in ɗan jira. Na ce da Alhaji sai na nemi injiniya. Lokacin babu wayar hannu, amma injiniyan ya bar mana lambar wayar gidan surukan ƙaninsa. Na roƙi Alhaji kada ya bari kowa ya taɓa komai, na tsallaka titi zuwa shagon buga waya. Layin ya ƙi shiga. Da ya shiga, wata tsohuwa ta ɗauka, ta yi mini barka da zuwa biki, ta tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe dai aka kira shi, ina jin guɗa a bayansa.

Na zayyana masa komai. Ya tambayi zafi, ya tambayi wuta, ya tambayi ko faifan sun lalace. Sannan ya ce, "Malama, kina da katin rajista a hannunki? Karanto mini ranar haihuwa."

Akwai 'yan katuna a jakata. Na ciro na karanta. "Ɗaya ga Janairu."

"Na gaba fa?"

"Ɗaya ga Janairu."

"Na bayansa?"

"Shi ma haka."

Sai na ji ya ce, "Innalillahi! Wai duk Kano rana ɗaya aka haife ku?"

To, me za mu rubuta? Tsoho ya zauna a gabanka ka tambaye shi ranar haihuwa, ya ce maka da damina ne, ko ana saura kwana kaɗan azumi, ko shekarar da aka yi fara. Gurbin kuma ba ya karɓar damina, rana yake so da wata. Tun a makarantar firamare abin da muka ga ana yi ke nan: a kintaci shekara, a rubuta ɗaya ga Janairu. Ni kaina haka na yi a teburin Kabara, haka kowane magatakarda ya yi a kowace unguwa, ba wanda ya yi shawara da wani. Injiniyan ya yi wata 'yar dariya ya ce shi ma abin da ke takardarsa ke nan, ya manta ne kawai.

Ya yi mini bayani a gurguje. Don manhajar ta yi sauri, ya raba mata mutane gida-gida bisa ranar haihuwa, yana zaton za su bazu a duk kwanakin shekara. In sabon layi ya zo, sai ta je gidan ranarsa kawai, ta gwada sunansa da na 'yan tsirarun da ke ciki, ta shigar da shi. Mu kuwa mun tura kowa gida ɗaya. Duk wanda ya zo sai ya bi waɗanda suka riga shi ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya makara zuwa ɗaurin aure ya tarar da zaure a cike, ba zai zauna ba sai ya gaisa da kowa. Mutane suna ƙaruwa, gaisuwa tana ƙara tsawo.

"Maganin fa?" na ce.

"Ki kashe binciken. Ki zuba kowa tukuna, in sun gama shiga sai ki jera su bisa suna, duk wanda ya shiga sau biyu za ki gan shi kusa da kansa. Amma fa ba ta ci gaba daga tsakiya. Sai kin goge teburin kin faro daga faifai na farko."

Ya faɗa mini abin da zan danna, na rubuta a bayan kati. Na tambaye shi ko ya tabbata za ta yi gudu. Ya ce, "Ya kamata." Ban taɓa tsanar kalma kamar yadda na tsani wannan a ranar ba.

Na koma na tarar Alhaji ya idar da salla yana zaune ya zuba wa lambar ido. Na yi tawa sallar a kusurwa, ban san me na karanta ba. Sannan na durƙusa gefensa na gaya masa hanya biyu ce. Ko mu bar ta tana rarrafe, la'asar ta yi mu rufe da waɗanda suka samu shiga, sauran unguwanni su haƙura. Ko kuma in goge aikin da muka yi tun safe, in kashe tsaron da shi ya ce a sa, mu sake daga farko.

"In kin goge ta ƙi fa?"

"In ta ƙi, Alhaji, waɗanda suka shiga ma mun jawo musu."

Ya daɗe yana jan carbi. Sai ya dube ni ya ce, "'Yata, kina da wani a faifan baya, ko?"

Na ce, "Mahaifiyata tana na Ƙofar Mata."

"Da ba ta ciki, za ki ce a goge?"

Tambayar da ni ma nake yi wa kaina ke nan tun a kan titi. Na ce, "Wallahi ban sani ba, Alhaji. Abin da na sani, a wannan tafiyar fiye da rabin birni ba za su shiga ba."

Ya miƙe ya je taga. A ƙasa direba yana zuba wa motarsa ruwa, ya riga ya ɗaure kayansa. Alhaji ya dawo ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya ce, "Rediyo dai ko ta yaya sai an kai ni. Yi bismilla."

Na tsayar da manhajar. Na bi abin da ke bayan katin harafi-harafi. Ta tambaye ni ko na tabbata ina son in goge, na tsaya da yatsa a sama, ina tunanin tsofaffin da suka sha rana a layi a gabana, waɗanda sunansu yake ciki lafiya lau har zuwa wannan lokacin. Na danna. Lambar ta koma sifili. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro kamar sifilin nan ba.

Na sa faifai na farko, ta ɗauki gudu. Ban yi murna ba, don da safe ma haka ta yi. Na biyu ya wuce. Na uku, inda ta fara yaudarata ɗazu, na buɗe baki zan ce subhanallahi in auna, kafin in rufe baki faifan ya ƙare. Daga nan hannuna ne ya zama mai jinkiri, ba na'urar ba. Alhaji da kansa ya koma miƙo mini faifai bisa lambobinsa, ina cirewa ina sawa. Da ya miƙo na Ƙofar Mata bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Faifan ya shige kamar sauran.

Na jera teburin bisa suna kamar yadda injiniya ya ce. 'Yan kaɗan ne suka fito sau biyu, yawancinsu tsofaffin da 'ya'yansu biyu suka yi musu rajista a unguwa biyu ba da sanin juna ba. Alhaji ya duba su ɗaya-ɗaya, muka cire. Kafin in rufe na roƙe shi in nemi layi ɗaya. Sai a lokacin na tuna sai na buga sunanta kafin ta fito, ni kuma tunda nake ban taɓa faɗinsa ko rubuta shi ba. Alhaji ya gane, ya juya yana gyara hularsa. Na buga. Ga ta nan: Kabara, ido biyu, ɗaya ga Janairu. Na rufe teburin ladan yana kiran la'asar, na sauka da faifan da ƙafata na damƙa wa direba, na dawo na zauna a matakala na yi kukan da ban san dalilinsa ba, tunda an riga an gama.

Bayan 'yan makonni likitocin suka zo, aka yi wa Umma ido ɗaya. Washegari za a cire bandeji, Goggo ta ce sai na bi ta. Na tsaya can ƙarshen gado inda na saba tsayawa a rayuwar Umma. Likitan baƙo ne, Hausarsa ta asibiti ce, bai san komai game da 'yar fari ba. Ya warware bandejin, ya ɗaga yatsu ta ƙirga daidai. Sai ya waiga yana neman abin da zai ƙara gwada ta da shi, ya kamo hannun rigata ya jawo ni gabanta.

"Mama, duba nan. Wace ce wannan? Faɗi sunanta."

Goggo ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Umma ta ɗago ta dube ni. Ba ta kawar da kai ba. Ta bi goshina, ta bi kumatuna, ta sauka har wuyana, a hankali, kamar yadda take bin hula in ta gama tana neman inda zare ya kuskure. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kallona haka ba, kuma ba ta sake ba har ta bar duniya.

Likita ya ƙara tambaya, muryarsa ta fara nuna damuwa. "Ba ki gane ta ba?"

Umma ta juya wajen Goggo ta ce, "Yaya, yarinyar nan ta rame. Ba kwa ba ta abinci ne?"